Mabuɗi a Hannu, Ƙofa a Kulle: Matsalar Fitar da Kuɗi Daga Asusun Kirifto Mai Sa Hannu da Yawa



Duk wanda ya taɓa riƙe muƙami a wata ƙungiya daga cikinmu ya san ƙa'idar nan da muka gada, cewa kuɗin jama'a ba su fita daga banki sai mutum biyu daga cikin uku sun sa hannu a kan cek, watau Shugaba da Sakatare da Ma'aji. Hikimar abin a fili take. Mutum ɗaya ba zai iya cin amana shi kaɗai ba, kuma rashin mutum ɗaya ba zai tsai da harkokin ƙungiya ba. In Ma'aji ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa, sai a rubuta wa manajan banki wasiƙa, a haɗa da rahoton taron da aka zaɓi sabo, a sake takardar sa hannu, magana ta ƙare.

To, wannan ƙa'ida ce aka ɗauka aka kai ta ga kuɗin kirifto, har aka sami abin da za mu kira asusu mai sa hannu da yawa. Sai dai a nan babu manajan da za a rubuta wa wasiƙa, babu kuma alƙalin da zai ba da umarni ƙofa ta buɗe. Lissafi ne kawai yake tsaron ƙofar, shi kuwa lissafi ba ya jin roƙo. Saboda haka akan sami mutane masu gaskiya, mabuɗansu na sirri biyu suna hannunsu, kuɗinsu kuma ga su ana gani a cikin kundi, amma sun kasa fitar da ko anini. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne cewa a irin wannan asusu mabuɗan sirri rabin kaya ne kawai, kuma galibin matsalolin da akan gamu da su suna tasowa ne daga ɓatan ɗaya rabin, watau cikakken bayanin yadda aka ƙulla asusun. Za mu tsaya a kan Bitcoin, domin a can ne wannan al'amari ya fi fitowa sarari.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. An bayyana tsarin Bitcoin a shekarar 2008 a cikin wata takarda mai ɗauke da sunan Satoshi Nakamoto, kundinsa kuma ya fara aiki a watan Janairu na 2009. Kuɗin ba a cikin waya ko kwamfutar mai su suke ba. Suna rubuce ne a cikin wani babban kundin lissafi wanda dubban kwamfutoci a duniya suke riƙe da kwafinsa. Abin da mai kuɗi yake riƙe da shi shi ne mabuɗin sirri, wata lamba mai tsawon gaske wadda in an rubuta ta da lambobi da haruffa takan cika gurbi 64. Daga wannan lamba ake lissafo abokinta, mabuɗin sarari, wanda ba laifi kowa ya gani, domin ba a iya komawa da baya daga gare shi a gano na sirrin. Da mabuɗin sirri ake sa hannu, da na sarari kuma jama'a suke tabbatar da cewa sa hannun na gaske ne.

In za a ƙulla asusu na mutum uku, sai a rubuta wani ɗan gajeren sharaɗi mai cewa: ana bukatar sa hannu biyu daga cikin waɗannan mabuɗan sarari uku, ga su nan bi da bi. Tun daga watan Afrilu na 2012 aka kawo hanyar da ba sai mai aiko da kuɗi ya ga wannan sharaɗi ba. Abin da ake ba shi kawai shi ne adireshi, shi kuwa adireshi tamkar dangwalen yatsa ne na rubutun sharaɗin. Kowa ya san in mutum yana nan ana iya ɗaukar dangwalensa a gwada da wanda ke kan takarda, amma ba a iya sāke mutum daga dangwale. Ranar fitar da kuɗi, tilas ne a gabatar da rubutun sharaɗin sukutum, harafi da harafi, kwamfutoci su ɗauki dangwalensa su ga ya yi daidai da adireshin, sa'an nan su duba sa hannu. Ashe ke nan ko da mutum na uku ba zai sa hannu ba, ba makawa sai an kawo mabuɗinsa na sarari, domin yana cikin rubutun. Wanda ya riƙe wannan batu ya fahimci kusan duk abin da zai biyo baya.

Matsala ta farko, wadda kuma ta fi kowace muni, ita ce rashin mabuɗin sarari na uku. Mu ƙaddara wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ƙulla asusu na biyu cikin uku. Sakatare ya rasu, takardarsa ta ɓace. Shugaba da Ma'aji ba su damu ba, tun da an gaya musu biyu sun isa. Daga bisani kwamfutar da aka ƙulla asusun a kanta ta lalace. Suka zo da mabuɗansu biyu domin su sāke gina asusun a sabuwar kwamfuta, sai manhaja ta nemi mabuɗin sarari na mutum na uku, su kuwa ba wanda ya taɓa tunanin ajiye shi. A nan kafin a yanke ƙauna akwai wuraren dubawa. Kowane ɗaya daga cikin masu sa hannu, fayil ɗin asusun da ke cikin wayarsa ko na'urarsa yakan ƙunshi mabuɗan sarari na abokansa. Tsofaffin saƙonnin da aka yi musaya ranar ƙulla asusun su ma sukan ƙunshe su, haka kuma tsofaffin takardun biya da aka taɓa kai wa juna domin sa hannu. Har ila yau, in an taɓa fitar da kuɗi daga wannan adireshi, to rubutun sharaɗinsa ya riga ya shiga kundi a fili, ana iya kwafo shi daga can. Sai dai wannan na ƙarshe adireshin nan ɗaya kawai zai buɗe, sauran adireshin asusun suna nan a kulle. In duk waɗannan hanyoyi sun toshe, gaskiyar magana ita ce kuɗin sun salwanta, kuma duk wanda ya ce zai iya fito da su maƙaryaci ne.

Matsala ta biyu ita ce a sami mabuɗan uku cif, a gina asusu, amma ya nuna ba kome a ciki. Mutane da yawa sukan firgita a nan su zaci an yi musu sata, alhali kuwa wani asusu dabam suka gina da mabuɗan nasu. Dalili shi ne jerin mabuɗai yana cikin rubutun sharaɗi. Mabuɗi uku ana iya jera su ta hanya shida, kowane jeri kuma yana haifar da nasa dangwale, watau nasa adireshi. Domin a kauce wa wannan ruɗani, a shekarar 2015 aka fito da wata ƙa'ida mai lamba BIP 67, wadda ta ce a riƙa jera mabuɗan bisa tsarin lambobi da haruffansu daga ƙarami zuwa babba. Manhajoji da yawa suna bin ta, amma asusun da aka ƙulla da hannu, ko da wata tsohuwar manhaja, yana iya kasancewa bisa jerin da aka shigar da mabuɗan ranar farko. Bayan jeri kuma akwai irin adireshi. Akwai tsohon iri na 2012 mai farawa da lamba 3. Da aka kawo gyaran da ake kira SegWit a watan Agusta na 2017, sai aka sami sabon iri mai farawa da bc1q, da kuma wani na tsakiya wanda cikinsa sabo ne amma shi ma yana farawa da lamba 3, ta yadda ido ba ya rarrabe shi da tsohon. Jeri shida sau iri uku, adireshi 18 ke nan daga mabuɗai uku kacal, ɗaya ne kuwa tak a cikinsu yake ɗauke da kuɗin. Wannan adadi ba shi da yawa, mai haƙuri yana iya gwada su duka a zama ɗaya.

Matsala ta uku ita ce mabuɗin da ke hannu ya zamana ba shi ne wanda ke cikin sharaɗin ba, ko da yake mai shi bai yi ƙarya ba. A yau ba safai ake ajiye mabuɗi ɗaya tilo ba. Abin da akan rubuta a takarda shi ne kalmomi 12 ko 24, waɗanda aka zaɓo daga wani jerin kalmomi 2,048 bisa ƙa'idar BIP 39 ta shekarar 2013. Waɗannan kalmomi tamkar kaka ne mai zuriya ba iyaka, kowane jika kuma mabuɗi ne mai zaman kansa. Domin a isa ga jikan da ake nema, sai an san salsalarsa, watau ta wane ɗa aka bi, ta wane reshe. Asusun mutum ɗaya yana da salsalarsa, asusu mai sa hannu da yawa yana da tasa, wadda a tsoffin manhajoji takan fara da lamba 45, a na yanzu kuwa da lamba 48. Wanda ya bi reshen da ba shi ba, zai sami mabuɗi lafiyayye amma baƙo ne ga asusun.

A ƙarƙashin wannan akwai wasu ramuka guda huɗu da ya kamata a sani. Na ɗaya, wasu sukan ƙara kalmar sirri a kan kalmomin nan, kuma tsarin ba ya cewa an yi kuskure a cikinta. Kowace kalma aka shigar, ko da bambancin babban baƙi ne da ƙarami, sai ta buɗe wata zuriya dabam wadda ba kome a cikinta. Na biyu, kalmar ƙarshe tana ɗauke da ɗan ma'aunin gano kuskuren kwafi, amma a kalmomi 12 ma'aunin ƙarami ne, har kusan kuskure ɗaya cikin 16 yana iya wucewa ba a kama shi ba. Na uku, manhajar Electrum tana da nata tsarin kalmomi wanda ya bambanta da BIP 39, saboda haka dole a gaya wa manhaja ko wane iri ake shigarwa. Na huɗu ya shafi masu riƙe da mabuɗi tilo irin na dā: wanda ya fara da lamba 5 yana haifar da dogon mabuɗin sarari, wanda ya fara da K ko L yana haifar da gajere, alhali lambar sirrin tana iya zama ɗaya. Dogo da gajere ba su ba da adireshi ɗaya, kuma adireshin SegWit gajere kawai ya dace da shi. Abin da ke sauƙaƙa bincike a nan shi ne kowace zuriya tana da wata gajeriyar shaida mai gurbi takwas wadda manhaja take nunawa. In shaidar da ta fito yau ta saɓa wa wadda aka rubuta ranar ƙulla asusu, to a nan kuskuren yake, ba sai an je da nisa ba.

Matsala ta huɗu tana zuwa ne bayan an ga kuɗin, an zo sa hannu, manhaja kuma ta amsa cewa sa hannu bai cika ba, ko kuwa kwamfutocin kundi su ƙi karɓar takardar. Abu na farko da za a tambaya shi ne: shin takarda ɗaya mutanen biyu suka sa wa hannu? Sa hannu a nan yana manne ne da kowane abu da ke cikin takardar biya. In Shugaba ya sa hannu, sa'an nan Ma'aji ya ga la'ada ta yi kaɗan ya ƙara ta, to sa hannun Shugaba ya mutu, sai an koma farko. Haka kuma in kowannensu ya rubuta tasa takardar a gidansa, ko da mai karɓa da adadi ɗaya ne, ba lalle ne a iya haɗa su ba. Abu na biyu, a adireshin SegWit adadin kuɗin da ake cirowa yana cikin abin da ake sa wa hannu. Bitcoin ɗaya satoshi 100,000,000 ne, kuma in an gaya wa na'urar sa hannu adadin da ya saɓa da satoshi ɗaya, sa hannun ba zai karɓu ba. Abu na uku, dole sa hannu su zo bisa jerin mabuɗan da ke cikin sharaɗi, na wanda ke gaba a gaba. Bugu da ƙari, akwai wani tsohon kuskure a cikin tsarin tun asalinsa, wanda ke sa mai tantancewa ya ɗebi abu ɗaya fiye da bukata, don haka tilas a ajiye masa wani gurbi marar kome kafin sa hannu na farko. Masu haɗa takarda da hannu su ne waɗannan biyu na ƙarshe suka fi kayarwa. Magani kuwa shi ne a bar haɗawa da hannu, a yi amfani da tsarin da ake kira PSBT, wanda ya shiga manhajar Bitcoin Core a shekarar 2018. Shi fayil ɗaya ne da ke yawo daga hannu zuwa hannu kamar fayil ɗin ofis, yana ɗauke da sharaɗi da adadi da salsala, kowa ya sa nasa hannu ya miƙa gaba.

Matsala ta biyar ta bambanta da sauran, domin a nan takarda tana wucewa lafiya lau, kuɗin ne suke tafiya inda ba a nufa ba. Kuɗin Bitcoin dunƙule-dunƙule suke, kamar takardun Naira, ba a yaga dunƙule a kashe rabi. In asusu yana da dunƙulen 0.5 ana so a biya 0.1, wajibi ne a rubuta layi na biyu mai mayar da canji gida. Babu wani gurbi na musamman da ake rubuta la'ada. Duk abin da ya rage tsakanin abin da aka ciro da abin da aka rarraba, shi ne la'adar masu haƙa, watau masu shigar da takardu cikin kundi. Wanda ya manta da layin canji ya yi kyautar 0.4 ke nan. Kada a ɗauka ƙananan mutane kaɗai irin wannan hasara take samu. A watan Satumba na 2023 kamfanin Paxos ya biya kusan bitcoin 20 la'ada a kan ɗan ƙaramin biya saboda kuskuren manhajarsa, sai dai ya yi sa'a masu haƙan da kuɗin suka faɗa hannunsu, F2Pool, suka mayar masa. Mayarwar nan karamci ne, ba wata doka ta tsarin da ta tilasta su. Haka nan a tabbata adireshin canjin na asusun haɗin gwiwar ne, kada ya zamana na ɗaya daga cikin masu sa hannu shi kaɗai.

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da tsarin bincike, wanda dole a bi shi daki-daki. A fara da rubuta adireshin da aka tabbata kuɗin suna cikinsa. Sa'an nan, da mabuɗan sarari kawai, a yi ta gwada jeri da iri da salsala har sai manhaja ta haifar da wannan adireshi daidai, a kuma tuna cewa manhajoji da yawa sukan daina nema in sun wuce adireshi 20 a jere ba su ga kome ba, don haka wani lokaci sai an faɗaɗa musu iyaka. Muddin adireshin bai fito ba, babu amfanin taɓa mabuɗin sirri. In ya fito, sai a rubuta takardar biya ɗaya, a sa hannu bi da bi, a karanta ta layi-layi kafin a aika, kuma a fara da ɗan kaɗan. Bitcoin Core tana da umarnin da ke gwada ko za a karɓi takarda ba tare da an aika ta ba, akwai kuma kundin gwaji wanda kuɗinsa ba su da daraja, inda mai koyo zai yi kuskurensa ba hasara.

'Yan'uwa, lokacin da mutum ya fi shiga haɗari shi ne lokacin da hankalinsa ya tashi. A sa'an nan ne zai tara mabuɗan sirri biyu a kan kwamfuta ɗaya mai haɗe da intanet, ya rushe da hannunsa katangar da aka gina asusun dominta. A sa'an nan ne kuma masu kiran kansu ƙwararrun ceto kuɗi suke fitowa suna neman a turo musu kalmomin nan. Mai taimako na gaskiya mabuɗan sarari sun ishe shi gano inda matsala take. In har tilas ta sa an haɗa mabuɗan sirri wuri ɗaya, to a yi a kwamfutar da aka yanke daga intanet, kana a kwashe kuɗin gaba ɗaya zuwa sabon asusu mai sababbin mabuɗai.

Kada kuma yawan masu sa hannu ya ruɗe mu. A tsarin Ethereum, inda irin wannan asusu yake zama wata 'yar manhaja a cikin kundi, an ga misalai biyu masu ban tsoro. A watan Nuwamba na 2017 wani mutum ya goge ginshiƙin da asusun kamfanin Parity suka dogara a kansa, sai ether fiye da 500,000 suka daskare, masu su na riƙe da mabuɗansu cif amma ba abin da za su buɗe. A watan Fabrairu na 2025 kuma aka sace abin da ya kai kimanin dala biliyan ɗaya da rabi daga kasuwar Bybit. Ɓarayin ba su saci mabuɗi ba. Allon da masu sa hannu suke dubawa aka gurɓata, ya nuna musu abu ɗaya, suka sa hannu a kan wani. Hukumar binciken laifuffuka ta Amurka ta ɗora alhakin satar a kan Koriya ta Arewa. Darasin da ke ciki tsoho ne a wurin duk wanda ya zauna ofis: mutum uku da suka sa hannu ba su karanta ba, daidai suke da mutum ɗaya da bai karanta ba.

Malam Shugaba, ƙungiyoyinmu shekara-shekara suke sāke shugabanni, ma'aikata kuma kullum cikin canjin wurin aiki suke. Saboda haka duk ƙungiyar da ta ga ya dace ta ajiye dukiyar jama'a a irin wannan asusu, muna ba ta shawara ta rubuta bayanin asusun a takarda tun ranar farko: yawan sa hannun da ake bukata, mabuɗan sarari duka, shaidar kowace zuriya, salsala, jeri, irin adireshi, da adireshi na farko domin gwaji. Manhajojin yanzu suna iya fitar da wannan duka a layi ɗaya. A ba kowane mai sa hannu kwafi ya ajiye tare da kalmominsa. Wannan takarda ba ta isa a saci kuɗi da ita ba, ko da yake wanda ya same ta zai ga abin da ke cikin asusun, don haka ita ma a adana ta. Kafin a zuba dukiya mai yawa, a sa ɗan kaɗan, a goge asusun daga na'ura, a sāke gina shi daga takarda, a fitar da kuɗin da kowane mutum biyu daga cikin ukun. In kuma shugabanci ya canja, ba a miƙa tsofaffin kalmomi ga sababbin shugabanni, domin wanda ya taɓa gani ba a iya sa shi ya manta. Sabon asusu ake ƙullawa a mayar da kuɗin can, tsofaffi su sa hannu a gaban sababbi.

Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Dukiyar ƙungiya amana ce ta waɗanda suka tara ta da guminsu, kuma wanda ya batar da ita saboda sakaci da rubutu ba shi da abin da zai gaya musu ranar babban taro.  Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.